Muryar Yaya Tijjani

Na danna maɓalli, fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya. Sikirin ko ƙyaftawa bai yi ba. Na sake dannawa, ta sake yi mini irin wannan juyin na rainin hankali. Na san abin da ke jingine da wannan kwamfuta ya wuce ƙarafa da wayoyi.

Inna tana kwance kan tabarma a bayana, ƙafarta ta hagu ɗaure da tsumma. Ciwon suga ne ya ci mata yatsa, baƙin kuma kullum ƙara hawa yake yi. Likita a nan Talata Mafara ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye: gobe da safe masu aikin ƙafa za su duba ta a Sakkwato, in aka wuce haka ba ƙafar kaɗai za a rasa ba. Ƙanenta, Kawu Ɗantala, ya kawo motarsa tun hantsi ya ajiye a ƙofar gida. Inna kuwa ta kafe.

"Ba ni shiga motag ga sai na ji muryar yaron nan," in ji ta. Tun shekaranjiya take maimaita wannan magana, ba ragi ba ƙari.

Yaron nan shi ne Yaya Tijjani, ɗanta na fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, sai dai "kai wanga" ko "yaron nan". Ko ranar da 'yan bindiga suka shiga Gidan Goga suka kashe shi a ƙofar shagonsa, mata na ta kururuwa, ita tana zaune tana jan carbi, ido a bushe. Da muka gudo Mafara, abu biyu ne nasa suka biyo mu: zobensa na azurfa da ta rataya a wuya da baƙin zare, da faifan ajiyar kwamfutarsa da na tono daga cikin tokar shagon da suka ƙona. Sana'arsa tura wa mutane karatu da waƙoƙi a waya, kuma mutum ne mai son naɗar muryarsa, ko tari ya yi sai ya saurara.

Don wannan faifan na haɗa kwamfutar. Masu gyara a gari sun ce in bar musu shi, ni kuwa ko da wasa ba zan bar shi ya kwana a hannun wani ba, wani ya goge shi ya ce mini kuskure ne. Falalu, abokin karatuna a kwalejin kimiyya, shi ya tattaro mini kayan ɗaya bayan ɗaya daga Sakkwato, ya koma gida Bakura. Jiya da yamma na gama ɗaure komai, na bar gefen akwatin kwamfutar a buɗe, na jira rana ta cika batirin sola, tunda an hana sayar da mai a jarka balle a tada janareto.

Yanzu ga rana ta cika batiri, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba.

Na lalubo waya zan kira Falalu, sai na tuna. An rufe layukan waya a duk Zamfara saboda 'yan bindiga. Ba kira, ba saƙo, ba wurin da zan duba in ga abin da wasu suka yi da tasu ta ƙi tashi. Bakura ga ta nan kusa, amma ranar ta yi mini nisa kamar Makka. Na jefar da wayar kan katifa, na ja tsaki.

"Mi yah hana ta?" Inna ta tambaya.

"Yanzu za ta tashi, Inna."

Na zare ram, wato ɗan siririn allon da ke riƙe mata tunani, na goge bakinsa da abin goge fensir, na mayar sai da ya ce ƙas. Na danna. Juyi ɗaya. Na canza masa rami. Juyi ɗaya. Na ce ko maɓallin ne ya zo da lalura, na cire wayarsa na haɗa 'yan ƙusoshin biyu da take hawa da bakin sukudireba. Fanka ta yi mini abin da ta saba. Na bi wayoyin akwatin wuta ɗaya-ɗaya ina turawa har yatsuna suka yi ja. Na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku don in ba shi lokaci, na mayar. Wallahi da kwamfuta tana da wuya, da na shaƙe ta a wurin.

Kawu Ɗantala ya yi sallama ya leƙo, makulli na kaɗawa a hannunsa. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya tambayi kwanan jiki, ya tambayi ƙafa, sannan ya juyo kaina.

"Kausar, kin san hanyag ga. In azahar ta yi ba mu tashi ba, ni ba ni bin ta da marece. Ko sojoji ba su son ta bayan la'asar." Ya koma kan Inna. "Yaya, don girman Allah ki tashi mu tahi. In munka dawo sai ki ji shi har ki gaji."

"In munka dawo," in ji Inna, ta juya fuska bango. "Wa yac ce maka ana dawowa?"

Kawu ya dube ni, na dube shi. Ya fita yana salati. Inna mace ce da in ta ce a'a, ko gari ya taru ba ta sakewa, kuma ba wanda zai iya ɗaukar babbar mace kamarta ya cusa a mota tana ƙi. Na lura hannunta yana ta zuwa wuyanta yana dawowa, na ɗauka zafi ne ya dame ta.

Na cire faifan Yaya gaba ɗaya, ko shi ne wuta ta lalata yake jawo rigima. Ban so in gwada hakan ba, don in ta tashi babu shi, an gama magana. Na danna ina rufe ido. Juyi ɗaya. Na ji daɗi na ji baƙin ciki a tare, ban san wanda ya fi ba. Faifan bai da laifi, to waye mai laifin?

Inuwar katanga ta fara tsukewa. Warin ƙafar Inna ya cika ɗakin duk da turaren da na kunna. Nan fa kuka ya zo mini, irin mai zafi na haushi. Na ji haushin Falalu da ya tafi Bakura, na ji haushin masu rufe layi, na ji haushin Yaya da ya tsaya rufe shago ana harbi, har Inna na ji haushinta, wadda ba ta taɓa kiran sunansa yana raye ba, yau kuma za ta ba da ranta saboda muryarsa. Tsoro kuma ya fi haushin yawa. Na rasa wa, ga uwa tana shirin bin sa a kan idona, ni kuma ina zaune da sukudireba.

Cikin kukan na tuna abin da Falalu ya faɗa ranar da ya kawo babban bod, wanda komai ke hawa kansa. Ya ce in ta ƙi ta ƙi, in fiddo shi daga akwati in ɗora kan kwali, don wani lokaci ƙarfe ne ke taɓa bayansa. Na raina maganar a lokacin, tunda na san na ɗaure shi daidai, da 'yan ƙafafunsa duka. Amma ba abin da ya rage. Na kwance sukurori, ɗaya ya faɗa ƙarƙashin katifa na bar shi can. Na ɗaga bod ɗin a hankali.

Wani abu ya gangaro ya yi ƙara a gindin akwatin. Zoben Yaya Tijjani ne, zarensa a tsinke.

Na ɗauko shi. Azurfa tsantsa, kwance a bayan bod tana haɗa wuta da wuta tun safe. Ba mamaki ma ta riga ta ƙona shi. Na juyo da zoben a tafin hannuna, bakina cike da maganar da ba a gaya wa uwa.

Inna ta riga ta juyo tana kallona. Ta sunkuyar da kai kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya.

"Da kina sallar asuba na tura shi ta gehe," ta ce a hankali. "Akwatin baƙo na, bai san shi ba. Na ce in sa mai abinshi ciki, don shi gane hanya."

Da rarrafe ta zo ke nan, da wannan ƙafar, a ɓoye, don kada 'yarta ta ga tana kewar ɗan fari. Maganar da ke bakina ta narke. Na haɗiye ta, na ce, "To, Inna. Bari in sa mai shi inda zai fi gani."

Na shimfiɗa kwalin taliya a ƙasa, na ɗora bod, na mayar da ram da faifai da wayoyi da 'yar lasifika. Zoben na ajiye shi a gefen kwalin, nesa da komai. Daga masallacin unguwa na ji ana gwada lasifika. Na yi bisimilla na taɓa ƙusoshin nan biyu.

Fanka ta juya, ta ci gaba da juyawa. Ƙaramar ƙara ta fito, tit, sikirin ya kawo haske.

"Kin gani?" in ji Inna. "Ya gane."

Ban yi mata gardama ba. Na shiga faifan ina addu'a, na wuce karatuttuka da waƙoƙin mutane, na sami inda ya tara nasa. Na buɗe na farkon da hannuna ya faɗa a kai. Sai ga gyaran muryarsa, sai ga kukan awakinmu na Gidan Goga, shi kuma yana cewa gwaji, gwaji. Can daga nesa wata murya ta ratso, muryar Inna ce tana da ƙarfinta.

"Kai wanga! Tuwo na hucewa!"

Yaya ya yi dariyar nan tasa. "Ba ni zuwa, Inna. Yau sai kin kira sunana. Sau guda ɗai, in taho da gudu."

"Allah shi shirye ka," in ji muryar, naɗin ya ƙare.

Kawu Ɗantala yana tsaye bakin ƙofa, ban san sanda ya shigo ba, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Inna ta jawo jiki har gaban kwalin. Ta kai hannu kusa da 'yar lasifikar, ba ta taɓa ba.

"Tijjani," ta ce.

Ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, kamar yana bayan katanga. Sannan kukan da ta riƙe tun Gidan Goga ya ɓalle, muka bar ta ta yi abinta har aka tada sallah.

Da ta share fuska ta ce in miƙo mata mayafi. Ni da Kawu muka tallafe ta zuwa mota. Na koma da gudu na ɗauko zoben na miƙa mata ta taga, ta ture hannuna.

"Mayar mai da shi," ta ce. "Ki bar shi nan kusa da shi har in dawo."