Makulli Biyu, Jika Ɗaya

"Juya naki mana, Anti, ko sai na aiko miki da katin gayyata?"

Anti ta harari Injiniya, ta zura makullinta a kafar hagu, shi ya zura nasa a ta dama, suka murɗa tare. Ƙofar ƙarfen ta yi 'yar ƙara ta buɗe. Haka suke yi kowace safiya tun yaran kowannensu suna firamare. A bayan ƙofar nan, can ƙarƙashin asibitin masu ciwon daji, injin gashi yake, a cikinsa kuma akwai ɗan sinadarin nukiliya da bai kai tsawon yatsa ba. Shi ke ƙone ciwo a jikin marasa lafiya, amma in ya faɗa hannun mugu, sai ya tashi unguwa guda. Shi ya sa doka ta hana mutum ɗaya buɗe ɗakin. Anti, mai auna hasken da za a haska wa kowane majinyaci, tana da makulli ɗaya. Injiniya, mai gyaran injin, yana da ɗayan. An haɗa su ne don kowa ya sa wa ɗan uwansa ido, su kuwa suka ɓige da tsokanar juna.

Yau dai tsokanar ba ta yi armashi ba, domin mai bincike za ta zo daga hukumar da ke kula da irin waɗannan sinadarai. Injiniya ya duba agogon injin, ya goge abin da ba ya buƙatar guga, sannan ya rage murya ya roƙi Anti kada ta ɗauko zancen yara. A cewarsa ba ƙarya za su yi ba, shiru kawai za su yi har a gama hidima.

Zancen yaran kuwa shi ne ɗan Injiniya zai auri 'yar Anti. A bakin ƙofar asibitin nan suka saba, wurin jiran iyayensu su tashi daga aiki, har abu ya kai an sa rana. Anti ta fi kowa murna, don yaron a gabanta ya girma. Matsalar ɗaya ce: dokar ɗakin ta ce 'yan uwa ko surukai ba sa riƙe makullan nan biyu. Dole ɗaya ya ajiye nasa.

Ta shafa shuɗiyar igiyar da ke wuyanta, wadda makullin yake rataye a jiki. Gaskiyar magana, tana son makullin nan. Tana son yadda likitoci manya suke tsayawa jiranta da safe, tana son sanyin ɗakin, tana son faɗan banzan da suke yi da Injiniya a kan wa ya makara. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, ita kuwa ba ta ƙi a kira ta wawiyar ba. Ta ce da shi ta ji.

Mai binciken ta iso da hantsi, mace ce siririya mai takalmi shafe, ba ta da hayaniya. Ta girgiza ƙofa, ta tsaya a lungun da take zaton kyamara ba ta gani, ta sa aka danna ƙararrawa don ta ga saurin masu gadi. Har hanyar da mai shara ke bi da bokitinta sai da ta bi. Komai ya yi mata daidai. Daga nan ta zaunar da masu makullin biyu a ofishin Anti, ta yi musu tambayar da take yi duk zuwa: ko akwai abin da ya canza a rayuwarsu?

Injiniya ya yi wuf ya ce sai alheri. Anti ta buɗe baki don ta maimaita, sai harshen ya ƙi.

"Alherin ne kam," ta ce. "Ɗansa zai auri 'yata."

Injiniya ya kalli silin. Tunda ta riga ta fasa ƙwan, Anti ta zage tana kare kanta. Ta ce tsawon shekarun nan ko allura ba ta taɓa ɓata a ɗakin ba, to auren yara ne zai mai da su ɓarayi da furfurarsu? Ta ce dokar nan wanda bai san mutane ba ne ya rubuta ta.

Mai binciken ta yi musu murna tukuna, har ta tambayi ranar bikin. Sannan ta ajiye bironta.

"Anti, ni ba ku nake tsoro ba. Yau in mugu yana son ɗakin nan, sai ya tsorata gida biyu. Baɗi in Allah ya kawo jika, wani ya ɗauke shi ya bugo muku waya, makulli nawa za a juya?"

Anti ba ta taɓa ganin jikan nan ba, ko cikinsa babu, amma sai ta ji kamar an fizge shi daga bayanta. Ta san kanta sarai. Da gudu za ta sauko matakalar nan, kuma in ta iso za ta tarar Injiniya ya riga ta.

"Duka biyun," in ji Injiniya a hankali.

Ya sa hannu a aljihu zai ciro nasa, Anti ta riga shi cire igiya daga wuya. Ta ce injin ba ya jin maganar kowa sai tasa, ita kuwa lissafinta ko a sama za ta iya yi. Abin mamaki, da makullin ya bar hannunta ba ta ji ɗacin da ta zata ba. Wani sanyi ma ta ji a ranta.

Shugaban asibiti ya zaɓi mai ɗaukar hoton ƙashi ya gaje ta, mutumin da ba sa ga maciji da Injiniya saboda musun ƙwallo. Injiniya ya yi ƙorafi, mai binciken ta ce ai wannan ma ƙarin tsaro ne. Anti ta yi dariya har da riƙe ciki.

Da yamma, lokacin rufewa, ƙafarta ta kai ta ƙasa ba tare da ta yi shawara da ita ba. Ta tsaya bayan jan layin da marasa makulli ba sa tsallakewa. Mazan biyu suka tura ƙofa, kowa yana cin magani. Injiniya ya zura makullinsa, bakinsa ya suɓuce.

"Juya naki mana, An..."

"Ba ni da abin juyawa, surukina," ta ce.

Karo na farko ke nan da ta kira shi haka, sai ga babban mutum ya sunkuyar da kai yana murmushin kunya. Mai binciken, da ke shirin tafiya, ta miƙo mata shuɗiyar igiyar, ta ce makulli ne na hukuma, wannan kuwa tata ce, ko a jefa a kwandon shara?

Anti ta karɓa, ta naɗe ta a yatsa, ta sa a jaka.

"Bar ta," ta ce. "Jariri yana yawan yar da abin wasansa, za a nemi abin ɗaurewa."