Wayar da Ta Goce

"Ke kika bar min 'ya awa huɗu a kan benci da waya a ƙirji," in ji tsohuwar, tana nuna babbar nas da yatsa. "Ajiye takardar nan, ni za ki duba."

Nas ta ce Mama ta zauna tukuna. Ta ƙi.

'Yar tata tela ce, uwar yara uku. A hoton nono aka gano mata wani abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Tsohuwar da kanta ta lalube wurin, ba ta ji komai ba, har ta ce likitocin nan neman aiki suke. Likita ya bayyana musu cewa tunda hannu ba ya jin sa, mai hoto zai soka siririyar waya mai ƙugiya ta tsaya daidai kan abin, a manne sauranta da filasta, shi kuma ya bi wayar da wuƙa.

Da safe aka saka wayar, aka ce su jira a baranda, ɗakin tiyata ya cika. Fanka na kaɗawa, 'yar na rawar sanyi cikin rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya. Tsohuwar ta cire rigar sanyinta, ta zura mata ta ka, ta finciko ƙasa kamar yadda take yi mata tun tana ƙarama. 'Yar ta ɗan cije leɓe, sannan ta yi dariya ta ce, Inna, har yau hannunki na maƙeri ne.

Bayan sati shida sabon hoto ya nuna abin yana nan daram. Lafiyayyen nama aka yanke. Likita ya ce wayar ce ta goce, yakan faru, a sake aiki. 'Yar ta ce ita kam ta gama, ba za a mayar da jikinta yadin koyon ɗinki ba. Ta koma kan keken ɗinkinta, abin kuwa ba jira yake ba.

Tun daga ranar tsohuwar ke juya maganar rigar a ranta, ba ta faɗa wa kowa ba. Yau ta faɗa, a tsaye, a gaban masu jiran layi. Ta ce wataƙila hannunta ne. Amma ita ba ta yi boko ba, ta ga 'yarta na jin sanyi ta rufe ta. Su da suka sani, wa ya buɗe baki ya ce kada a taɓa, kada a ja? Wa ya sake duba wayar kafin a yanka?

Nas ta ce za ta rubuta.

"Rubutu ba zai taso min da ita daga kan keke ba. Kira min likitan da mai hoton. Su zo mu je su faɗa mata a gabana inda aka yi kuskure, da wanda zai tsaya a kanta wannan karon. Ina nan, ba inda za ni sai sun zo."