Baƙin Taye Mai Cin Suna

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, kuma inda ya sauke ni an riga an yi nisa da faɗa.

Inna ce da ƙanenta, Kawu Haladu. Suna zaune cikin kwalekwale a tsakiyar kasuwa. Babu ruwa, ƙasa ce busasshiya, amma Kawu yana tuƙi da muciya, kwalekwalen kuma yana tafiya. Ni ina baya a tsugune.

"Na ce ba zai ɗaura ba," in ji Inna.

"To ya ɗaura me, Yaya? Takardar sakandaren? Shekara biyu yana kwance a kanta. Da ƙwai ce da tuni ta ƙyanƙyashe."

"Igiya a wuya sai akuya."

"Akuyar da ke ƙoshi ta fi zakin da ke zaman kashe wando."

"Ubansa ma irin wannan daɗin bakin aka yi masa."

"Ba ni na yi masa ba. Ina firamare lokacin."

Na san abin da suke wa faɗan, don da shi na kwanta. Kawu ya samo mini aikin raba abinci a wani otal da ke bayan gari. An ce in zo ƙarfe bakwai na safe da farar riga da baƙin taye, ɗan guntun nan mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi. Wanda bai zo da shi ba ya koma gida, akwai mutum goma a layi. Na sayi ɗaya a gwanjo, mai roba. Da yamma na gwada, robar ta tsinke ta tsarge ni a kunne. Haka na kwanta, ba taye.

Babana aikin da ya yi ke nan shekara ashirin da shida. Baƙi suna ce masa Boyi har ya yi furfura. Ranar da ya rasu, abokan aikinsa sun zo unguwa suna tambayar gidan Boyi.

Kawu ya ɗaure kwalekwalen a jikin wani mai sayar da rake. Mutumin ya ci gaba da yankan rakensa.

"Sauka," ya ce. "A auna wuyanka."

Ofishin awon wuya yana saman bishiyar kuka. Jimina ce a kan tebur, da tabarau da biro a bayan kunnen da ba ta da shi. Ta naɗa mini zare a wuya, ta duba, ta girgiza kai.

"Sha huɗu da rabi. Ka taɓa sunkuyar da shi?"

"A sallah."

"Ban da sallah."

"A'a."

"Zai koya," ta ce. Ta buga mini hatimi a maƙogwaro. "Na gaba."

Na gaba wani raƙumi ne, ya zo da takardar koke.

Sai ga ni a layin 'yan taye. A garin nan inuwa ce ke gaba, mutum ya bi ta, in ta tsaya ciniki dole ka tsaya. Tawa ta tsaya a gaban wata rumfa. Tayoyin suna da rai. An ɗaure su a igiya da ƙafa ɗaya, suna buɗe fukafukai suna rufewa a hankali. Wani ja ya kuɓuce ya sauka a kan tiren mai goro, aka kamo shi da faifai.

Mai rumfar kunkuru ne, da hula zanna. Wuyansa yana ciki, murya kawai ke fitowa.

"Samari, zaɓi. Amma su ma suna zaɓe."

"Kai ba ka ɗaurawa?"

"Mai sayar da maganin ɓera ba ya lasa."

Na nuna jan.

"Na masu magana a gidan biki ne. Ba ma karɓar kuɗi a nan. Wannan kunyarka za ka bari, duka. Ba a dawo da canji."

Na nuna wani shuɗi mai ɗige-ɗige.

"Na malaman jami'a. Shirunka za ka ba ni. Daga ranar ba za ka ƙara rufe baki ba, ko a makabarta."

"Mai roba fa?"

"Atishawa ɗaya. Amma yana da hali. Sai ka tsaya gaban manya da kwanon miya zai tashi ya bar ka." Ya yi ɗan tari. "Ai ka sani. Ga kunnenka nan."

Can ƙarshen igiya akwai wani baƙi. Ba ya motsi. Ba ɗaurarre ba ne da fukafukai kamar sauran, dogon ƙyalle ne siriri mai faɗi a baki biyu, irin wanda mutum ke ɗaurawa da hannunsa. Ina kallonsa ya ɗago ɗaya bakinsa ya kalle ni.

"Ya zaɓe ka," in ji kunkuru. "Shi suke so a otal. Ba ya tashi, ba ya tsufa. Sai dai wuyan ya tsufa a ƙarƙashinsa."

"Me ake biya?"

"Suna."

"Sunana?"

"Ai ba za ka buƙace shi ba. Za su ba ka wani. Je ka gani, kada ka ce na cuce ka."

Ɗakin cin abincin ba shi da ƙarshe. Teburan suna da tsayi, baƙi na hawa da tsani. Suna cin shinkafa da cokali, amma shinkafar ƙaruwa take a farantin, su kuma suna ramewa, suna ta yaba girkin. Masu raba abinci suna wucewa a ƙasa, fararen riguna, baƙaƙen tayoyi, ba a jin takunsu.

Na ga Baba. Yana ɗauke da tire da hannu ɗaya, ɗayan a baya. Tayensa ya ɗan karkata hagu, kamar kullum.

"Baba."

Bai juyo ba.

Na buɗe baki in kira shi da sunansa na yanka, ko zai ji. Sai na tarar babu. Na lalube kaina kamar mai neman mabuɗi a aljihu. A gida Inna Malam take ce masa, mu Baba, a nan kuma ga abin da ake ce masa. Wani mai tumbi daga saman tsani ya buga yatsa.

"Boyi!"

Baba ya juya nan take. Da zai wuce ni ya rage tafiya, bai dube ni ba.

"Yatsa biyu," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ka bar wurin yatsa biyu tsakaninsa da wuya. Ta nan ake numfashi."

Ya hau tsanin.

Na dawo rumfa. Rana ta yi tsaka, wasu yara manya suna jan ta da guga suna mayar da ita rijiya kaɗan-kaɗan. Kunkuru ya ce in ta shige, bakwai ta yi.

"Na saya," na ce.

Ya fito da sikeli. A kwano ɗaya ya sa baƙin tayen, kwanon ya sauka har ƙasa.

"Kawo sunan."

"Tasi'u," na ce.

Wani abu kamar ƙwayar gero ya faɗo daga bakina cikin ɗaya kwanon. Sikelin bai motsa ba.

"Naka ba nauyi. Suna ba a bakin mai shi yake ba. Kirawo masu kiranka."

Abokaina na majalisa suka zo a kan benci, bencin ne ya kawo su. Suka tofa nasu. Kunkuru ya juya shi da farce.

"Tasi. Sun cinye rabi."

Malamin ajinmu ya zo da rajista ya karkaɗe. Nasa ya fito fari fat da alli, an haɗa shi da lamba talatin da ɗaya. Kawu Haladu ya ba da nasa, ya yi ja da goro, duk gefen ya lanƙwashe saboda aike. Aka tara. Kwanon ya ɗan girgiza ya tsaya.

"Duk gwanjo ne," in ji kunkuru. "Babu mai sabo?"

Kawu ya juya ya dubi kwalekwale.

Ni ne ɗan farin Inna. Tun da ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba. Haka ake yi, ita kuma ba ta sassauta ba ko sau ɗaya. Kai take ce mini. In tana magana da mutane, yaron nan. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni a asibiti, ma'aikaciya ta tambaye ta sunan mara lafiya, sai da ta fita ta kirawo maƙwabciya ta faɗa.

A karon farko kunkuru ya fito da wuyansa. Dogo ne, duk tabon ɗauri.

"Shekara nawa?"

"Sha tara," in ji Kawu.

"Sha tara a baki, ba a taɓa ba? Ko ledarsa ba a cire ba ke nan. Hajiya, shi kaɗai ya isa. Faɗi sau ɗaya, a nan cikin kwano, yaro ya tafi da kayansa."

"Ban je Makka ba," in ji Inna. "Daina ce mini Hajiya."

"Yaya, don Allah," in ji Kawu. "Kalma ɗaya. Ba kowa a nan sai dabbobi."

"Kai ma na gan ka."

"Ki yi ta zagina, amma dubi rana. Mutum goma na layi. In ya rasa wannan, ni na gama. Kunya za ku ci?"

Inna ta sauko daga kwalekwale. Inuwarta ba ta shige gaba ba, tare suka zo. Ta tsaya a kan sikelin. Kasuwa ta yi tsit, tayoyin igiya suka rufe fukafukai.

Ni dai ga abin da ke raina. Ina son aikin. Na gaji da zaman benci, na gaji da cin tuwon da ita ke saya da kuɗin wankau. Kuma ina so in ji yadda sunana yake a bakinta, ko sau ɗaya. Amma na san in ta faɗa, kwano zai shiga, kunkuru ya rufe shi a gwangwani. In ji shi sau ɗaya in rasa, ko kada in ji ya zauna. Ban san wanda nake roƙo ba.

Ta buɗe baki. Na ga wani abu yana haske a bayan haƙoranta.

"Kai," ta ce. "Gyara tsayuwarka."

Na gyara.

Ta dubi kunkuru, ta nuna bakinta. "Na Malam ma a nan yake, tare da wannan. Kun karɓe na bakin kowa, nawa ba ku samu ba. Ba na sayarwa ba ne."

"To babu taye."

"Riƙe abinka."

"Shi ke nan," in ji Kawu, ya zauna a ƙasa ya cire hula. "Shi ke nan, an kashe ni."

Inna ta kama bakin baƙin mayafinta ta sa haƙori ta yage siriri, tsawon hannu. Ta ɗaga mini kwalar riga. Ta rataya ƙyallen, baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta gitta, ta zura ta ƙasa, ta ninke gajeren, ta sauko da dogon a kai, ta tura ta baya. Hannunta bai yi shakka ba.

"Wannan ba a biya ba!" in ji kunkuru. "Ba ya cikin doka!"

Ya hau buga kwanon sikeli. Ƙwas. Ƙwas. Rana ta kusa shigewa rijiya. Ƙwas.

Na buɗe ido.

Murfin dutsen guga ne. Inna tana tsakar gida tana buɗe shi tana fifita gawayi tana rufewa. Gari ya yi haske. Farar rigata tana rataye a ƙofa, a goge. A kan tabarma kuma, ƙarƙashin dutsen, wani dogon baƙin ƙyalle siriri mai faɗi a baki biyu, ya ɗan koɗe a tsakiya. Akwatinta na ƙarfe yana buɗe a gefe. Tayen Baba ne. Ban taɓa sanin ta ajiye shi ba.

"Kai, ba bakwai suka ce ba?"

Na yi alwala na yi sallah na sa rigar. Na ɗauki tayen na tsaya gaban guntun madubi, na ƙulla shi yadda nake ƙulla bakin buhu. Ta kallo ni ta yi tsaki.

"Zo nan. Sunkuyo."

Na sunkuya. Yana da ɗumin guga, da ƙanshin kafur. Ta warware, ta gitta, ta zura, ta ninke. Shekara ashirin da shida, ashe ba shi ke ɗaurawa ba. Da ta gama ya ɗan karkata hagu. Ta zura yatsunta biyu tsakaninsa da wuyana, ta bar su a nan.

A waje Kawu Haladu yana ta danna hon ɗin babur.

"Inna," na ce, "in ke kaɗai ce a ɗaki, ba mai ji, kin taɓa faɗin sunana?"