Kujerar da Baba Masassaƙi Bai Gama Ba

"Ajiye gizagon nan, Malam! Likita cewa ya yi ka kwanta."

"Likitan ne zai yi miki kujerar?" in ji Baba Masassaƙi, tari na neman kayar da shi. "Shekara arba'in kina min gori. Miƙo ƙafa."

Gorin kuwa maƙwabta duk sun haddace shi, don katangarsu ba ta da tsawo. Babu gidan da ba turminsa ko kujerarsa a layin nan, amma matarsa Inna kan kifaffen bokiti take zama ta yi girki. Duk wadda ya sassaƙa mata, kafin ta ɗora mazaunai mai saye ya yi sallama.

Ta miƙa ƙafar tana harara. Ya auna da zare daga diddige zuwa gwiwa, ya ƙara yatsu biyu.

"Gwiwar nan ta tsufa. In kujerar ta yi ƙasa, wa zai tashe ki?"

"Kai mana," ta ce.

Ya sake ɗaukar gizagon. Ya shafa gungumen da ya saro daga daji tun yana da ƙarfi, ya busar da shi a inuwa damina uku don kada ya tsage.

"To kashe kanka! Ni dai ban aike ka ba."

Ta shige madafa, ta zauna kan bokitinta. Wai fushi take, amma kunnenta na tsakar gida. Ƙwas. Ƙwas. Da can sara goma yake yi kafin ta juya ludayi sau ɗaya. Yau kowane sara sai ya huta. Ƙwas. Ta jira na gaba. Tukunya ta tafasa har ta zuba, tana nan tana jira.

A zaune ta same shi, kansa jingine da bango, sassaƙe cike da cinyarsa. Ƙafa uku na kujerar sun fito sumul. Ta huɗu dunƙule ce, ɓawo bai ma bar jikinta ba.

Da masu ta'aziyya suka ja baya, ɗansu direba ya shigo da farar kujerar roba, irin wadda in mai jiki ta zauna sai ta baje ƙafafu kamar akuya a kan santsi.

"Inna, ga wannan. Waccan kawo in kai wa kafinta mai inji, minti biyar ya gyara ƙafar."

"Kafinta ya san gwiwata?"

"Ai girgiɗi take yi, za ki faɗi."

"In na faɗi ubanka ne ya kayar da ni. Ina ruwanka?"

Ta sunkuci kujerar Baba Masassaƙi ta rungume a ƙirji, ta shige ɗaki, ta banko ƙofa har ƙasa ta zubo daga bango.

Ɗan ya tsaya riƙe da robarsa. Can daga ciki ya ji ta zauna. Kujerar ta karkata, ƙafarta ta bugi daɓe. Ƙwas. Shiru. Sai ta sake karkata ta. Ƙwas.