Ƙwayar Jos da Ƙwayar Kaduna

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama Malama Huraira ta rasa 'yarta ta fari. Malamar firamare ce a Liman Abaji, mace mai fara'a, amma wata huɗu bayan rasuwar ba ta ci sai an matsa mata, magana ma sai dole.

Mijinta Mijinyawa, akawun En'e, ya kai ta Jos. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta wata ƙwaya rawaya. Ana nan sai yayanta Dogara, direban babbar mota, ya kwatanta halinta ga wani mai kemis a Kaduna, ya dawo da wata ja ya damƙa wa innarsu.

Mijinyawa da Dogara kuwa ba sa ga maciji. Saboda haka da safe miji ya tsaya a kanta sai ta haɗiye rawayar, da la'asar Inna ta zo da jar ƙulle a bakin zane.

"Kada ki gaya masa," in ji Inna. "Yanzu ya ce mun raina shi."

Huraira ta sha, ba ta gaya wa mijin ba. Wa za ta ƙi?

Cikin mako guda bakinta ya bushe kamar ta tauna alli. Gumi na zuba ko a inuwa, ƙirji na dukan tara-tara. In ta faɗa wa miji ya ce magani ke aiki. In ta faɗa wa Inna ta ce na Jos ne bai karɓe ta ba.

Ranar wata Talata tana rubutu a allo kanta ya sara, ta yanke jiki ta faɗi gaban 'yan aji.

A asibiti wata nas, Sista Filomina, ta auna jininta har sau biyu, ta ja labule.

"Malama, tsakaninki da Allah, me kike sha?"

Huraira ta kwance gefen mayafinta, ta fito da rawayar da jar. Sista ta juya ƙwayoyin a tafin hannu, ta je ta nuna wa likita ta dawo.

"Waɗannan ba sa haɗuwa a ciki ɗaya. Kin auna arziki. Likitanmu ya ce a dakatar da duka, sai mako biyu kafin a koma Jos."

"Sista, in na daina, baƙin cikin zai dawo."

"Zai dawo. Amma kina da rai."

Da maganar ta fito, Mijinyawa ya hana Dogara taka masa gida. Inna ta yi fushi ta ɗauke ƙafa. Hedimasta ya ba wani malami ajinta.

Huraira ta zauna a ɗaki babu magani, babu mai zuwa, tana jin 'yan makaranta na wucewa ta bayan katanga. Da mako biyun ya cika aka mayar da ita kan rawayar kaɗai. Sai da damina ta yi nisa ta fara fitowa tsakar gida, Inna kuwa har lokacin ba ta leƙo ba.