Linzamin Kumandan

Linzami uku Kailu baduku ya jera bisa fatar rago a bakin barikin Filinge, kuma tun kafin Kumandan, Nasaran da ke riƙe da barikin, ya miƙa yatsa Kailu ya san wanda zai zaɓa. Mai ado zai zaɓa, na jan ƙarfe, mai dogon harshe da zoben da ke kama haɓar doki. Haka kuwa aka yi.

Wannan linzami na mahayan Kurfai ne, mutanen da ke sakin kamazuru, igiyar linzamin, ya yi lilo, su taɓa shi da ɗan yatsa ɗaya doki ya tsaya cak. Kumandan kuwa, Kailu ya taɓa ganin hawansa ran kasuwa. Hannu biyu yake sa wa kamazuru, ya yi ta ja kamar mai jawo guga. In ya ja wannan haka, harshen ƙarfen zai tsaga dasashin dokin, doki ya miƙe tsaye, ya kifo da shi.

Kowa a garin ya san abin da ke biyo bayan ɓacin ran Nasara. Bara an samu wani raƙumin soja ya sha ruwa a rijiyar wani mutum mai suna Dodo ya kumbura, aka tasa Dodo gabas da kaya a ka, har yau babu labarinsa. Kailu yana da mata, Habsa, da ciki wata bakwai, da gero da bai isa yanka ba. Ba ya son ganin gabas.

Ya matsa kusa da Isufu tafinta, ya rage murya. "Malam Isufu, ka ce mai shi ɗauki na tsakiya. Wanga ya hi ƙarhin hannunai."

Isufu bai ko waiwayo ba. "In ce ma Kumandan bai iya hawa ba? Kai ka gaji da duniya, ni ban gaji ba."

"To ka ce ƙarhen na da tsatsa."

"Shina da ido, Kailu. Ya ce ka haɗa da sirdi da majayi ka kawo jibi."

Kwana biyu Kailu bai ci tuwon kirki ba. Sirdin bai ba shi wahala ba, ya zaɓi mai faɗin mazauni, ya ƙara masa shimfiɗa a ƙasa. Linzamin ne ya hana shi sakat. Ya juya shi a hannu har tafinsa ya yi warin ƙarfe. Daga baya ya yanko fatar ɗan akuya mai laushi, ya jiƙa ta, ya naɗe harshen da ita rufi uku, ya ɗinke da zare siriri ta ciki, inda in an sa a baki babu mai gani.

Habsa ta tsaya a kansa da ƙwarya a hannu. "In sun gani hwa? Cewa za su yi sammu ka yi mai."

"In ban yi ba shi hwaɗi."

"In ka yi kuma su gani."

Gaskiya ta faɗa, amma ya bar fatar yadda ya ɗinke ta.

Ranar hawa Kailu da kansa ya sa wa dokin linzami. Kumandan ya hau, ya finciki kamazuru yadda ya saba. Dokin ya girgiza kai, ya ja da baya taki biyu. Sai dokin ya daidaita, ya ɗauki hanyar Bonkuku a guje. Kailu ya zauna a rana tun hantsi har la'asar, yana kallon hanya, bai nemi ko ruwa ba.

Suka dawo lafiya. Kumandan ya sauka yana fara'a, ya shafa wuyan dokin, sannan ya yi abin da Kailu bai taɓa ganin babban mutum ya yi ba: ya zare linzamin da hannunsa. Fatar ta fito jiƙe da yawu. Ya ɗaga ta, ya daɗe yana dubawa.

"Ya ce wa ya yi wanga aiki?" in ji Isufu.

Kailu ya durƙusa. Ya ce, "Ni na."

Nasaran ya yi magana mai tsawo, har da dariya, ya dafa kafaɗar Kailu. Isufu ya saurara, kuma a karon farko ya dubi Kailu ido cikin ido, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ya ce bai taɓa ganin wanda ya san bakin doki kamarka ba. Ya ce irinka ba a barinai ƙauye. Gobe ayarin soja za shi gabas, Tawa, daga nan Damagaram, da dawaki arba'in. Ka taho da kayan aikinka da sahe."

Kailu ya yi godiya, don Isufu ya ce masa ya yi. Ya naɗe fatar ragonsa da sauran linzami biyu da ya sake zuwa da su, ya kama hanyar gida. Tun daga nesa ya hango Habsa a ƙofa. Da ta gan shi yana tafe da ƙafarsa, shi kaɗai, ba soja a bayansa, sai ta ɗaga hannu sama tana guɗa.