Akwatin Kiɗan Maijidda

Tun da zazzaɓi ya tafi da jin 'yata Maijidda, ta daina fita gaɗa. Idan ƙawayenta suka taru a ƙofar gida suna tafi, sai ta zagaya bayan rumbu ta zauna. Ni direba ne, ina jigila tsakanin Kwanar Dangora da Doguwa, amma kullum hankalina yana bayan rumbun nan.

Wata rana na dawo da wuri na tarar mahaifiyarta Kulsumu da maƙwabciyarmu suna lugude. Maijidda ta durƙusa, ta ɗora tafin hannu a jikin turmi, kanta yana kaɗawa daidai da saukar taɓarya. Na daɗe a bakin zaure ina kallonta.

Washegari na tsaya wurin Ukasha, mai haɗa rediyon mota a Kwanar Dangora, na ce ina son wufa, sifikar nan mai dukan ƙirji.

"Baba Mudi, kai da ba ka kunna komai sai labarai? Samartaka ce ta dawo?"

Da na faɗa masa dalili sai ya bar dariya. Na nuna wata ƙatuwa mai rami a gaba, ya girgiza kai.

"Wannan ta masu son a jiyo su daga Bebeji ce. Gurnani take yi, duka bai ƙare ba wani ya hau kansa, kuma ta fi ƙarfin aljihunka. Yarinya tana son dukan da zai sauka ya ɗauke, kamar taɓarya."

Ya zaɓo mini ƙaramar sifika ta hannu da ɗan amfilifaya, ya sa kafinta ya yi mata akwati da katako mai kauri, a rufe ruf. Ya ɗaure shi a but ɗin motata, a bayan kujerar baya.

Ni mutum ne mai fargaba. A hanya rana ta take, na tsaya a Tudun Wada na taɓa kayan na ji ɗumi. Duk wanda ya taɓa ajiye albasa ya san abin da bai sha iska ba lalacewa yake yi. Ina isa gida na sa rodi a wuta, na huda akwatin ta ko'ina don ya sha iska. Sannan na kamo hannun Maijidda, na zaunar da ita a kujerar baya, na kunna kiɗan kalangu.

Motar ta ɗauki kakkarwa, har lambarta tana kaɗawa. Maijidda ta dafa kujera, ta jira, ta dube ni. Sai ta sauka ta nufi bayan rumbu.

"Malam, bar ta haka," in ji Kulsumu. "Kada ka sa mata rai a banza."

Ranar ban iya cin tuwo ba.

Da Ukasha ya buɗe but da safe, ya riƙe haɓa.

"Wa ya mayar mini da akwati akurkin kaji?"

"Zafi na ji yana yi."

"Amfilifaya ce ke son iska, Baba, ba akwati ba. Iskar da ke kulle a ciki ita ke riƙe sifikar, ta doka ta dawo. Ka sake ta, ta tafi yawo."

Bai ƙara mini faɗa ba. Ya fere 'yan itatuwa ya cusa a ramukan, ya bi da gam da garin katako. Ya mayar da amfilifayar ƙarƙashin kujerata inda iska ke shiga, ya jingina akwatin da bayan kujerar baya har suka manne.

"Gobe ka zo da mai kayan. Ba kunnena za mu tambaya ba."

Da ƙyar Maijidda ta yarda ta shiga motar. Ukasha ya kunna kalangun, ya tsuguna yana murɗa wani ɗan maɓalli a hankali, idonsa a fuskarta. Ni ina tsaye, ina ta salati a zuci. Can sai ta gyara zama, ta manna bayanta da kujera. Yatsunta suka fara motsi a kan cinya. Sai ta tafa. Ta sake tafawa, daidai kan duka, ba gaba ba baya.

Ukasha ya ɗauke hannu daga maɓallin. "Nan ne. Ka kuma taɓa shi, ni da kai ne."

Yanzu in na dawo bayan la'asar, ina ajiye motar a ƙofar gida in buɗe ƙofofi. Maijidda ta zauna a bakin kujera tana ba da tafi, ƙawayenta suna amsawa, wani lokaci har ta diro cikinsu ta yi juyi ta koma ta dafa. Ina zaune a kan dakali ina fargabar batir, amma ban taɓa kashewa ba sai ta gaji.

Duk ranar da na sauko daga Doguwa, ina ajiye wa Ukasha dankali a bakin shago. Yakan ce, "Baba, ka dai bar rodi a gida." Ni kuwa in ce Allah ya yi wa hannunsa albarka.